Tsagar Inna da Maɓallin Komawa

Allon da ke ƙofar shagona “ɗaukar hoto” ya ce, amma gaskiyar sana'ata ita ce gyaran fuskar mutane. Shagon yana Zango, ɗaki ɗaya ne mai fanka da benci da shuɗin labule, sai tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, da ke nishi in rana ta take. A da in mutum ya zo hoto, zama zai yi ya daskare, a ɗauka, ya dawo jibi ya karɓi fuskar da Allah ya ba shi. Yanzu ɗaukar ba ta cin minti guda, gyaran ne ke cin yini. Amarya tana so a haska ta, mai neman kujera yana so a rage masa kumatu, tsohon soja yana so a rina masa furfura. Tun da na buɗe shagon nan ban taɓa ganin wanda ya ce in ƙara masa baƙi ba, kuma ba wanda ya taɓa dawowa ya ce in ba shi tsohuwar fuskarsa.

Abin da ake gyaran da shi ana kiransa filtar, wato rariya ce da ake tace hoto a ciki. In ka buɗe ta, wata ƴar taga ce ke fitowa a gefen hoton, da ma'auni da kake ja dama ko hagu. Ka ja dama, fata ta yi sumul, ƙuraje da tamoji su ɓace. A ƙasan tagar akwai abu uku, da Faransanci aka rubuta su, amma ni na raɗa musu sunayen gida. Na farko ɗan akwati ne, ina ce masa leƙe. In ka sa masa alama zai nuna maka yadda hoton zai zama, in ka cire alamar ka ga yadda yake tun asali, kuma duk wannan kallo ne kawai, ba a taɓa hoton ba tukuna. Na biyu maɓallin komawa, wanda in ka yi ta ja har ka rikice, sai ka danna shi ma'aunan duka su koma inda ka same su. Na uku maɓallin yarda. Shi in ka danna, gyaran ya shiga jikin hoton.

Na daɗe ina cika wa mutane baki da na biyun nan. In na ga mai hoto yana ɗar-ɗar sai in ce, ja abinka, akwai komawa. Na faɗa sau ba adadi har ni ma na yarda da maganar fiye da yadda ta cancanta.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, mutuniyar wani ƙauye ce ta wajen Hamdara, kuma a can ta zauna har ƙarshen ranta. Tana da tsagar gado irin ta Barebari, dogaye siriri daga gefen ido zuwa haɓa, a kowane kunci. Mu biyu muka rayu cikin ƴaƴanta, ni auta da Yayana, babban ma'aikaci a Yamai. Ba a yi mana tsaga ba, don zamaninmu an fara barin abin. Inna ba ta son hoto, kuma ba wai ƙi na wasa ba. Ka ɗaga waya a gabanta, kafin ka saita ta ja mayafi ta juya maka ƙeya. Na yi lallashi, na yi dabara, na laɓe bayan rumbu, abin da na samu duka hoton bayanta ne da na hannunta a kan fuska.

“Mai son ganina ya taka ya zo,” haka take cewa. “Ni ba kayan rataya ba ce.”

Hoto ɗaya tak aka taɓa yi mata a duniya, shi ma dole ce ta sa, lokacin da za a yi mata katin ɗan ƙasa, tun ban san ma zan yi wannan sana'a ba. Ƙananan nan ne baƙi da fari, guda huɗu. Biro, wato ofishin katin, ya riƙe wasu, gara ta cinye katin da abin da ke manne a kansa, saura ɗaya. Shi ta naɗe a takardar littafin lakwal, wato makarantar boko, ta soke a cikin wani baƙin zani na rini da ke ƙasan adakarta.

Da ciwon ƙafa ya matsa mata na ɗauko ta zuwa likita a nan Damagaram, ta yi kwana goma a gidana. Na roƙe ta tun daga ƙauye ta taho da ɗan hoton, ta yi ta mita amma ta taho da shi. Wata safiya muna dawowa daga asibiti na bi da ita shago, na shimfiɗa mata tabarma, na sa hoton a injin kwafa, ya fito a fuskar ordinatar ya cika ta. Ta daɗe tana kallo. Ga ta nan da ƙuruciyarta, ta ɗaure fuska kamar mai ɗaukar ya ci mata bashi, tsagar nan ta fito raɗau.

Ni kuma da neman a yaba mini, na buɗe rariyar na ce, “Inna, bari ki ga aikin ɗanki.” Na ja ma'aunin har ƙarshe. Tsagar ta narke, kuncin ya yi santsi.

Ta ja da baya. “Wace ce wannan?”

“Ke ce mana.”

“Uwar wani dai. Ina fuskata?”

Na cire alamar leƙe, ta dawo. Na mayar, ta ɓace. Na yi haka sau uku ina dariya, ita ko ko murmushi.

“Kai Auta, ka fita idona. Wanzamin da ya yi mini wannan ubana ya ba shi akuya, kai me aka ba ka da za ka goge? Maido ni.”

Na danna maɓallin komawa, ma'aunin ya koma mazauninsa, na rufe tagar ban yarda da komai ba. Ta miƙo hannu na ba ta ɗan hotonta, ta naɗe shi ta ƙulle a bakin zani. Kwafin da na yi kuwa na bar shi a ordinatar, guda ɗaya, ban sa shi a kile ba, ƴar ma'ajiyar nan da ake sokawa a jikin na'ura, ban aika wa kowa ba. Ni da nake yi wa baƙi faɗa su riƙa ajiye abu biyu-biyu.

Damina biyu bayan haka Inna ta rasu. Ba zan tsaya kan wannan ba, kowa da uwa ya san abin. Aka yi uku, aka yi bakwai, ranar arba'in muka sake haɗuwa a ƙauye. Ina zaune a tabarmar ƙofar gida ana ta addu'a, na ga mata suna fita da ƙunshin tufafi. Ƙanwar Inna ce, wadda muke kira Iya, take raba kayan sawarta sadaka kamar yadda aka saba, wasu ga matan da suka yi mata wanka, wasu ga marasa hali. Na gani da idona, ban kawo komai a raina ba.

Washegari Yayana ya biyo ni shago kafin ya hau motar Yamai. Rabonsa da shiga shagon ya fi shekara biyar. Shi a wurinsa aikina wasan yara ne, ko a gaban mutane sai ya ce ƙanena yana ɗan taɓa hoto. Ya shigo da farar shadda yana kakkaɓe bencin da hankici kafin ya zauna.

“An ce kana da hoton Inna,” ya ce. “Ina so ka buga mini babba, in sa a kadar mai gilashi in rataya a bangon salo, inda nake karɓar baƙi.”

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Karo na farko ke nan da yake neman wani abu da ni kaɗai zan iya yi masa. Na buɗe hoton. Ya tashi ya tsaya a bayana, na ji yana jan hanci. Sai da ya goge ido sannan ya sunkuyo.

“Bon. Amma ka ga in aka ƙara masa girma, tsagar nan za ta yi yawa. Ka san salo ne, baƙi suna shigowa, abokan aiki, har da na waje. Yara ma sai su yi ta tambaya. Ba za a ɗan rage ba?”

“Yaya, ita ba ta so. Na taɓa gwada mata a nan inda kake tsaye, ta kusa marina.”

“Ai ba cirewa na ce ba. A rage kaɗan. Mu gani dai, gani ai ba ya ɓata komai.”

A nan ya kama ni, don maganata ce ya maimaita mini ba tare da ya sani ba. Na buɗe rariyar, na sa alamar leƙe, na ɗan ja.

“Ƙara.”

Na ƙara.

“Ƙara kaɗan. Ka ga yadda ta yi kyau? Kamar wata hajiyar birni.”

Na cire alamar don ya ga ta asalin, ko kunya za ta kama shi. Ya yamutsa fuska ya ce in mayar. Mutumin da ya sha nonon matar nan, ta yi ta dakau tana sayar da ƙuli-ƙuli a kasuwar Mirriya don kada a kore shi daga lakwal, shi ne yake tsaye yana yamutsa wa fuskarta fuska. Na so in faɗa masa haka. Ban faɗa ba, don wa yake, kuma don ina so ya ce na iya aiki. Na ja ma'aunin har inda ya tsaya, na haska fatar, a raina ina cewa ba komai, in ya tafi sai in mayar.

“Wala!” ya ce. “Haka nake so. Ashe dai ka iya.”

Na danna yarda.

Duk wanda ya yi aiki da ordinatar a garin nan ya san halin kuran, wato wutar lantarki. Ba ta sallama in za ta tafi. Tun ina asarar aikin yini guda har hannuna ya koyi adanawa da kansa, da na gama abu yatsu biyu su danna ba tare da sun shawarce ni ba. Kuma da yake masu hoto ba sa neman tsohuwar fuska, ban saba ba wa gyararren sabon suna ba, a kan na asalin nake adanawa. Fanka ta ɗan rage gudu, alamar da muka sani. Yatsuna suka danna. Na tura hoton injin bugawa, ya fito, Yaya yana riƙe da shi yana juyawa a haske, wutar ta ɗauke.

Ko a lokacin hankalina kwance yake. Na naɗe masa hoton, na raka shi tasha, muka yi sallama, har ya dafa kafaɗata.

Bayan la'asar wuta ta dawo. Na kunna, na buɗe hoton, ga matar nan mai santsin kunci tana kallona. Na buɗe rariyar na danna komawa. Ma'aunin bai motsa ba, don daman yana mazauninsa. Na cire alamar leƙe, na mayar, na cire, fuska ɗaya ce. Na sake danna komawa, na sake, kamar mai buga ƙofar gidan da aka tashi. Sai a sannan abin da na sani tun ranar da na fara aikin ya sauko mini daga kai zuwa ciki. Maɓallin nan ba ya mayar da kai farkon hoto. Inda ka tarar da shi lokacin da ka buɗe tagar, nan yake mayar da kai. Da na yarda kuma na adana, gyararriyar fuskar ce ta zama asali a wurinsa. Akwai wata hanya ta ja da baya taki-taki, amma ita tana raye ne muddin hoton na buɗe, kuma ta tafi tare da wutar.

Na tone ordinatar ciki da bai. Na kai ta wurin wani mai gyara a bakin kasuwa, ya yi kwana biyu da ita, ya ce da gogewa na yi da akwai fata, amma rubutu a kan rubutu ba shi da magani. Garin gyaran gira na rasa ido, kuma girar ma ba tawa ba ce.

Duk da haka ban karaya ba, don na san akwai na takarda. Da asuba na hau mota zuwa Mirriya, daga nan na hau babur zuwa ƙauye. Na tarar da Iya tana tsince wake a tsakar gida. Ko gaisuwa ban gama ba na tambayi adakar Inna. Ta nuna mini da baki. Na buɗe, babu komai sai ƙamshin turaren wuta da wani tsohon carbi.

“Iya, baƙin zanin nan na rini da ke ƙasa fa?”

“An bayar.”

“Wa aka ba?”

Ta ɗago ta dube ni. “Kai ɗan nan, ana bin sawun sadaka? So kake ka je ƙofar matar da aka rufa wa asiri ka ce ta kwance zani? Ka bar uwarka ta ci ladarta.”

Na ce ba zanin nake so ba, akwai hoto a cikinsa. Ta ce ita ba ta warware zanin ba, yadda Inna ta ninke shi haka ta miƙa shi. Na yi ta roƙo, sannan ta ce wata baƙuwa ce, ba ƴar garin ba, ta biyo da goyo ranar sadakar tana hanyar kasuwar Mirriya, kayan jikinta duk sun mutu. Ba wanda ya tambayi sunanta, don ba a tambayar sunan wanda za a ba sadaka.

Kasuwa uku a jere na rufe shago na je Mirriya ina bin mata da ido, duk mai baƙin zani sai na ƙura mata. A ta ukun wani mai sayar da barkono ya taso ya tambaye ni ko lafiya nake kallon matan mutane. Na hau mota na dawo.

Na kira Yaya a waya na gaya masa abin da ya faru. Ya ce, “To ai ba a rasa ba, ga shi nan a salo, kowa ya shigo sai ya yaba.” Ya ce in ina so zai ɗauka da waya ya aiko mini. Na kashe wayar ban yi masa sallama ba, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Har yau yana ganin na cika ɗaukar abu da zafi. Na ji haushinsa ƙwarai, kuma ina ji har gobe, amma ba shi ya danna ba. Shi bai san abin da maɓallan nan ke yi ba. Ni na sani, ni aka ja wa kunne, kuma na sayar da fuskar uwata don a ce mini ashe ka iya.

Da rani ya shigo na yanke shawarar in mayar da tsagar da hannuna. A manhajar akwai alƙalami da ake zane da shi, kuma hannuna ba ya rawa. Na zauna, na buɗe hoton, na ɗora alƙalamin a gefen idonta, sai na tsaya. Guda nawa ne? Na rufe ido ina neman fuskarta. Ina ganin yadda take harara, ina ganin haƙorinta na gaba da goro ya rina, ina jin muryarta, amma in na zo ƙirga tsagar sai ta watse. Wani lokaci in ga bakwai, wani lokaci tara.

Sai na tuna Iya, uwa ɗaya uba ɗaya suke, tsagarsu ta gida ɗaya ce. Na aika aka ɗauko ta da sunan za a duba mata ido. Ita ba ta ƙin hoto, ta zauna gaban labule na ɗauke ta kusa-kusa, dama da hagu. Na yi kwana huɗu ina kwafe tsagarta ɗaya bayan ɗaya zuwa kuncin Inna, ina rage duhu, ina lanƙwasa kowace ta bi ƙashin fuska. Ban taɓa yin aiki mai kyau irin wannan ba. Da na gama na buga shi babba, na kai wa Iya a tsakar gidana inda take shan iska, na durƙusa na miƙa mata.

Ta kai shi kusa da ido, ta nesanta, ta bi kuncin da ɗan yatsa a hankali.

“Wannan ai tawa ce ka ɗora mata,” ta ce.

“Ba iri ɗaya ba ce, Iya?”

“Iri ɗaya ce, hannu ne ba ɗaya ba. Ni wanzamin garinmu ya yi mini. Ita kuwa a gidan kakanninmu aka haife ta, wani tsoho ne ya yi mata. An ce tana jaririya ta fizge kai, askar ta goce, ɗaya ta tsinke a tsakiya ba ta kai haɓa ba. Da ita muke tsokanarta muna yara.”

Ban taɓa lura ba, ko kuma na lura na manta, ban san wanne ya fi muni ba.

“A wane kunci, Iya? Dama ko hagu? Ta nawa ce daga hanci?”

Ta ajiye hoton a kan tabarma ta kife shi. Ta daɗe tana kallona da idanun nan nata da suka fara fari.

“Ni na tsufa, abin ya shige mini,” ta ce. “Amma kai da ka shekara biyu kwance a cinyarta kana shan nono kana kallon fuskar nan, kai da kallon fuskar mutane ne abincinka, ni za ka tambaya?”

Ta ja buta ta tashi yin alwala, ta bar ni durƙushe a wurin.